Feshin fuska: ruwan da ba a rufe ba rabon iska ne

  Ina yi mana sannu da sanyi, don hunturu ya kankama. Duk wanda ka gani leɓe a bushe, ƙafa ta fara faso, yara kuwa sun yi furu-furu kamar daga buhun gari aka zaro su.

Yau maganar 'yar kwalbar nan ta feshin fuska za mu yi, wadda ta cika kasuwa a 'yan shekarun nan. Shiga layin masu kayan shafa a Dantokpa ta Kwatano, ko Makola ta Akra, ko babbar kasuwar Yamai, za ka gan ta jere. Wata a gwangwani, wata a roba, wata fara tas kamar ruwan sha, wata da launi da ƙamshi. A farmasin ƙasashen Faransanci brumisateur ake ce mata. Tambaya biyu nake yawan sha a kanta. Uwargida tana son ta san ko abin ya cancanci kuɗinta, maigida mai shago kuma yana son ya san ko ya saro katan ɗinta. Amsata ga su biyun ɗaya ce: tana da amfani, amma rabin aiki take yi. Ɗaya rabin yana cikin kwanon man kaɗanya ko 'yar robar basilin da ke kan madubinki. Wadda ta fesa ta tsaya a nan, a garin da iska ta bushe, to iska ta yi wa hidima da kuɗinta.

Yadda fata take riƙe ruwa

Fatar da muke gani da ido ɓawon sama ne kawai, siriri ne ƙwarai, ko kaurin takarda bai kai ba. Gininsa kamar na katangar ƙasa yake. Matattun ƙwayoyin fata sun jeru kamar tubali, wani maiƙo da jiki ke yi da kansa ya cike tsakaninsu kamar kwaɓi. Ruwan da ke jiƙa wannan ɓawo daga cikin jiki yake tasowa, kuma kullum, dare da rana, kaɗan daga cikinsa yana sulalewa ya bi iska ko da ba a yi gumi ba. Idan ruwan da ya rage a ɓawon ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai fata ta daina lanƙwasuwa, ta yi gautsi, ta fara tsagewa. Furu-furun nan da muke gani a jikin yara ke nan.

A 1952 wani masanin fata a Amurka mai suna Irvin Blank ya yi wani gwaji da har yau ake koyar da shi. Ya samo busasshiyar kanta, irin ta tafin ƙafa, ya sa wani yanki cikin mai, wani cikin ruwa. Na cikin mai ya daɗe a tsome amma yana nan da taurinsa. Na cikin ruwa nan da nan ya yi laushi. Ke nan ruwa ne ke sa fata laushi, aikin mai shi ne tsare ruwan kada ya gudu. Majeman Kano da na Damagaram ba za su yi mamakin wannan ba, don su ma busasshen ƙirgi ruwa suke fara ba shi, mai daga baya yake zuwa.

Abin da ke faruwa bayan an fesa

Sanyin nan mai daɗi da kike ji in kin fesa, daga ina yake zuwa? Daga tafiyar ruwan yake zuwa. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake kai. Shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi: randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska tana kwashewa, na ciki yana yin sanyi. Amma duk mai randa ta san ruwanta raguwa yake yi. To haka fuska. Daɗin da kike ji shaida ce cewa ruwan yana barinki.

Da a ce abin da aka fesa kawai yake tafiya, da da sauƙi. Matsalar ita ce jiƙewa da bushewa, jiƙewa da bushewa, sau goma a wuni, suna raunana wancan kwaɓin da ke tsakanin tubalin fata, su kuma wanke wasu sinadaran da fatar ke riƙe ruwa da su. Dubi yaron da ke lasar leɓe da hunturu. Yana lasa yana jin sauƙi, bayan minti biyu leɓen ya fi da bushewa, ya sake lasa, kafin mako ya zagayo bakin ya tsage har da jini. Duk uwa ta san maganin wannan yaro, a shafa masa mai a hana shi lasa. Feshin ruwa zalla a busasshiyar iska ɗan'uwan lasar leɓe ne. Hausawa suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada a ce ra'ayina ne kawai. Ɗauki gwangwanin manyan kamfanonin Faransa irin su Avène da La Roche-Posay ki karanta bayansa. Su da kansu cewa suke yi a fesa, a bari minti biyu zuwa uku, sannan a tsane abin da ya rage a hankali. Masu sayar da ruwan ma ba su ce a bar shi ya bushe a fuska ba.

Ya danganta da garin da kuke

Mu mutane ne a warwatse, wata tana Agadas, ƙanwarta tana Duwala, don haka shawara ɗaya ba za ta ishe mu ba.

A Yamai, Maraɗi, Agadas, Njamena, Marwa da Tamale, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ce ke mulki. Daga hamada take tasowa, ƙurarta da yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi. Danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wani lokaci da tsakar rana har ƙasa da 10. A irin wannan iska ki shanya zani, kafin ki gama wanke na biyu na farko ya bushe. Nan ne doka ta fi tsanani: kada a fesa sai da mai a kusa.

A bakin teku kuwa, Kwatano, Lome, Akra, Abijan da Duwala, danshin iska galibin shekara ya wuce kashi 70. Fata ba ta cika kukan ƙishirwa ba a can, gumi da maiƙo da ƙurajen zafi su ne damuwar. Feshi a can don sanyi ne da wartsakewa, kuma ba laifi a fesa a goge ba tare da an bi da mai mai nauyi ba. Sai dai 'yan makwannin Disamba da Janairu da hunturu ke leƙowa har teku, da kuma masu wuni a shago ko ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, don ita ma tsotse danshin iska take yi.

Masu bin jirgi zuwa Dubai ko Sin ko Jidda su ma su lura. Iskar cikin jirgi ta kan yi ƙasa da kashi 20 na danshi, wato hunturu ne a sama ko da damina kuka tashi. In za a riƙe feshi a jakar hannu, kada kwalbar ta wuce mililita 100, in ba haka ba a wurin bincike za a bar ta. Ƙaramin gwangwani mai mililita 50 yana wucewa. A haɗa shi da ɗan mai.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko ruwa ne zalla na maɓuɓɓuga, a gwangwani, da iskar naitirojin da ke turo shi. Evian ta fara sayar da nata tun 1962. Akwai Avène, La Roche-Posay, Vichy da Uriage, duk sunayen garuruwan Faransa ne masu maɓuɓɓugar ruwa. Amfaninsa shi ne tsabta da rashin turare, yana kwantar da zafi da raɗaɗi, ya dace da fatar da ba ta son tarkace. Amma babu abin riƙe ruwa a cikinsa.

Na biyu ruwan fure ne, wanda aka fi sani shi ne ruwan wardi. Alhazai suna zuwa da na Ɗa'ifa, akwai na Kashan a Iran da na Maroko. Na gaskiya turara furen ake yi a tara tururin. Da yawa daga masu araha kuwa ruwa ne da turare da launi. Ruwan wardi na asali ba ja ba ne, fari ne kamar ruwa. In kin gan shi jawur, rini ne.

Na uku shi ne wanda aka haɗa da sinadarin da ke kama ruwa ya riƙe, kamar gilisirin, ko sinadarin hayaluronik, ko ruwan alobera. Wannan ya fi sauran daɗewa a fata, kuma shi na fi ba mutanen arewa shawara. Duk da haka shi ma yana son murfi, don in iska ta bushe ƙwarai babu danshin da zai jawo daga waje.

Yaya za a bambance? A juya kwalbar a duba jerin kayan haɗin. Ka'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Na farko kusan kullum Aqua ne, wato ruwa. In kin ga Glycerin a na biyu ko na uku, madalla. In kuwa Alcohol Denat. ne a sahun gaba, ajiye musu kayansu. Yana ba da sanyi nan take saboda saurin tashinsa, amma busar da fata yake yi. Parfum shi ne turare, kuma yana cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayi da borin fata. Kwalbar da ba ta da jerin kayan haɗi, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, ko kyauta aka ba ki kada ta taɓa fuskarki. Araha ba ta ado.

Yadda ake amfani da shi

Ga yadda nake yi, kuma haka nake koya wa 'yan matan gidanmu. A fara da fuska mai tsabta. In an wuni a rumfa ƙura ta hau, a wanke ta da ruwa tukuna, don fesa ruwa kan ƙura da gumi kwaɓa taɓo ne a fuska. A riƙe kwalbar da tazarar taƙi guda, a rufe ido da baki, a fesa sau biyu ko uku. A jira kamar minti ɗaya ko biyu. A tsane da tsabtataccen ƙyalle ta hanyar dannawa, ban da gurzawa. Tun fuskar tana da laima a ɗibi mai kaɗan, kamar ƙwayar wake, a murza a tafin hannu a shafa. Shi ke nan.

Wane mai? Basilin ya fi kowane mai tsare ruwa, yana hana fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da zai fice, shi ya sa tun da Robert Chesebrough ya yi masa rajista a 1872 bai bar kasuwa ba. Man kaɗanya namu na gado shi ma yana aiki sosai, ga shi a wadace a Tamale da ƙasar Burkina da arewacin Benin. Mai fama da ƙurajen fuska ita kam ta nemi man shafawa marar nauyi, ta bar basilin da man kaɗanya ga leɓe da hannu da ƙafa.

Akwai wani abu da nake so mu lura da shi. Mu da muke alwala, fuskarmu tana shan ruwa sau biyar a rana tun kafin a ƙirƙiro gwangwani. Da hunturu wannan ruwan ma bushewa yake yi ya bar fuska tana ja. Wanda ya saba da shafa ɗan mai bayan alwala, tun fuska ba ta gama bushewa ba, ya samu mafi yawan abin da feshi ke bayarwa ba tare da ya kashe ko dala ba. Alhaji, wannan da kai nake. 'Yar robar basilin a aljihu ba kwalliyar mata ba ce, ta fi a wuni ana ciniki da tsagaggen leɓe.

Masu hoda da kwalliya, feshi yana kwantar da hoda ya hana ta yin fari-fari, wannan gaskiya ne. Amma danshin fata a ƙarƙashin kwalliya ake gina shi, tun da safe kafin a shafa komai.

Na haɗin gida

Ana iya haɗawa a gida, kuma ba wuya. A tafasa ruwa a bar shi ya huce. A auna mililita 100, a zuba gilisirin rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya, wanda ake samu a kemis. Kada a wuce haka, in ya yi yawa fuska danƙo take yi ta riƙa kama ƙura. A zuba a sabuwar kwalbar feshi da aka wanke da ruwan zafi.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na ɗaya, na kamfani yana da sinadarin hana lalacewa ko an rufe shi ruf, na gida ba shi da ko ɗaya. Ruwan da ya kwana biyu a jaka cikin zafi gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma kusa da ido ake fesa shi. A ajiye a firji a zubar bayan kwana uku. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, a haɗa na wuni ɗaya kawai. Na biyu, kada a sake amfani da kwalbar turare ko ta maganin sauro ko ta maganin gona, komai wankin da aka yi mata. Na uku, ban da lemon tsami. Na san ana yaɗa cewa yana haska fuska. Gaskiyar ita ce yana ɗauke da sinadarin da in rana ta dake shi a kan fata sai ya ƙona wurin, ya bar baƙin tabon da ke ɗaukar watanni bai tafi ba. Mace mai wuni a bakin tireda ba ta da abin da za ta yi da shi.

Abin da feshi ba zai yi ba

Ba ya kare fuska daga rana. Ba ya maye gurbin shan ruwa, mai ƙishirwa cikinsa zai ba ruwa. Ba ya maganin kyasbi ko makero ko ƙurajen fuska. Jarirai kuma ba sa bukatarsa, wanka da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, sabulu kaɗan, da mai nan take bayan an tsane su, ya wadatar.

Sannan ga maganar da ba a so a yi a fili. Da yawa daga masu kukan fuskarsu tana zafi, tana ja, tana saɓa, ba hunturu ne ya yi musu ba, man bilicin ne. Mayukan da ke ɗauke da magani mai ƙarfi irin kulobetasol da likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, suna sirantar da fata har jijiyoyi su fito, rana kaɗan ta ƙona ta. Shi ya sa Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Wadda fatarta ta kai haka za ta ji sanyin feshi na 'yan mintoci, amma zuba ruwa ne a tulun da ya fashe. 'Yar'uwa, likitan fata za ki gani, ya nuna miki yadda za ki janye daga man a hankali, don yanke shi farat ɗaya ma yana tayar da fuska. Feshin da aka rubuta wa cewa yana sa fari kuwa, a guje shi tun daga nesa.

Ga masu sarowa

Yanzu ga 'yan'uwana masu shago. Kafin ka ɗaure kuɗinka a katan, ka tuna ruwa kake saye. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma a kan wannan nauyi za ka biya dako da kwastan. Gwangwani mai mililita 150 bai kai sulusin ledar fiya wata mai mililita 500 ba. Mai saye ma yana iya wannan lissafi, saboda haka kaya ne na 'yan ƙwalisa da matafiya, ba na kowa da kowa ba. Fara da kaɗan ka ga yadda zai tafi. Ya fi tafiya da bazara lokacin da ake neman sanyi.

Kada ka baje shi a rana. A jikin gwangwanin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, kuma mota a rufe ko kwantena a ranar Afrilu a Njamena tana iya haura haka. Na roba kuma zafi yana lalata haɗinsa. Duba ranar lalacewa tun a wurin sari, da ɗan hoton buɗaɗɗen kwano mai 6M ko 12M, wanda ke nufin watannin da kayan zai yi bayan an buɗe. In Najeriya za ka kai, nemi lambar NAFDAC. In Ghana ne, rajistar hukumar FDA ta can. Robar da murfinta ke murɗuwa ba tare da hatimi ba kowa yana iya cika ta da ruwan famfo, don haka ka san hannun da kake karɓa.

Mafi girma, faɗa wa mai saye gaskiya. In ka ce mata zai hana fuskarta bushewa, ta fesa mako biyu a iskar Maraɗi ta ga fuskar ta ƙara ja, ba za ta dawo ba, kuma sai ta faɗa wa duk matan layinsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In kuwa ka ce, Hajiya, wannan a fesa ne a bi da mai, ga man nan kusa da shi, ka sayar da abu biyu, ta ga aiki, ta turo maka ƙawarta. Mu baƙi a garin mutane ba mu da jarin da ya wuce amana.

Don haka uwargida, in kina da halin saye ki saya, ki more sanyinsa, amma ki ajiye shi kusa da mai. In babu hali kada ranki ya ɓaci, ruwan buta da man kaɗanya sun ishe ki fita hunturu da fuska mai laushi. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sauka ƙasa, mu yi maganar faso da kaushi, musamman ga masu wuni a tsaye da masu talla.